Matsefata ba magani ba ce: mu kai iyayenmu aikin gira



A ƙauyukanmu da yawa za ku ga tsohuwa da ƴar matsefata ƙulle a bakin zane. Gashin idonta ne ya juya ciki yana sukar ƙwayar ido, kowace ƙiftawa kamar an zuba mata rairayi. Sai ta kira jika ta tsige mata. Bayan ƴan kwanaki gashin ya sake tohowa, wanda ya karye ma ya fi na da kaifi. Mu kuma mun saba gani har mun ɗauka tsufa ne.

Jama'a, ba tsufa ba ne. Ƙarshen amodari ne, ciwon da likitoci ke kira trachome. Tun ƙuruciya yake somawa. Ƙwayar cutar na yawo daga ido zuwa ido ta hannu, ta gefen zanen da aka share wa yara fuska da shi, da ƙudajen da ke sauka kan kwantsa da majina. Yaro ya kamu ya warke, ya sake kamuwa, kowane karo yana barin tabo a cikin fatar ido. Shekaru na tafiya tabon na jan fatar, har ta lanƙwashe ciki da gashinta. Gashin ya yi ta kartar baƙin ido har ya yi fari. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce makantar amodari kan sami mata har ninki huɗu na maza, don su ke ɗawainiyar yara.

To me ya sa ake gudun aikin? Tsoro ne na farko. Da an ce aikin ido, sai mutane su ɗauka za a ciro ƙwayar ne. Alhali fatar sama kawai ake gyarawa. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum na farke, a ɗan tsaga fatar, a juyo bakinta waje, a ɗinke. Kamar minti 20 ne a ido ɗaya. Malaman likita da aka horar musamman ke yinsa, a CSI ko a ƙauye lokacin da ayarin ma'aikatar lafiya ya zo, kuma a irin wannan zagaye ba a karɓar ko dala. Ranar take komawa gida, washegari a cire bandeji.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, babban cikas yana cikin gida. Wa zai raka ta? Wa zai biya kabu-kabu ko ya ɗaura amalanke? Wa zai yi daka da ɗibar ruwa na sati ɗaya ko biyu kafin ta warware? Da damina a ce sai an gama noma, da rani a ce samari sun tafi cirani. Ita kuma kawaici ya hana ta matsawa.

A nan haɗarin yake, don gira ba kamar yanar ido ba ce. Mai yana ana yi masa aiki ya sake gani. Mai gira kuwa, in baƙin ido ya riga ya yi tabo, aikin zai raba ta da zogi amma ba zai maido ganin da ya tafi ba. Duk watan da aka jinkirta, wani abu ne aka rasa. Gaskiya ne wani lokaci gashin kan sake juyawa bayan aiki, shi ya sa komawa a duba ya zama dole.

Gana ta rabu da amodari a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, Mali da Benin a 2023. Mu ma a 2025 OMS ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Ashe ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Saboda haka yau kowa ya dubi idon inna da na kaka da kyau. In akwai ko gashi ɗaya da ke taɓa ƙwayar ido, a je CSI mafi kusa a tambayi inda ake aikin. Wanda ke nesa ya aiko kuɗin mota, ya faɗi wanda zai raka ta. Maigari da liman su yi shela in ayari zai zo. Yara kuma a wanke musu fuska kullum, a gina salanga, a sha maganin da ake rabawa gida-gida.

Ku karanta wa waɗanda ba su da salula. Allah Ya bar mu da ganinmu, amin.