A Yi Wa Masu Cin Abinci Da Biki Tanadi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga hukumomin raya al'adu na Jihar Kebbi.

Ni ɗan tireda ne, ina saro bandar kifi a Argungu in kai Birnin Kebbi. Kowa ya san bikin kamun kifi da aka fara a 1934 ya tsaya bayan na 2009, sai a watan Maris na 2020 aka sake shiga Matan Fada, har aka kama giwan ruwa mai kilo 78. Wallahi cinikin da na yi a kwana huɗun nan ya fi na wata biyu. To, ko gajiya ba mu warware ba cutar korona ta hana taro, aka kuma rufe hanyoyin shiga jiha-jiha. Ni dai na lallaɓa da kasuwar gida. Amma makaɗi da maroƙi da ɗan kokawa fa? Su taron nan shi ne gonarsu. Na ga makaɗin da ya sayar da akuyarsa don ya auno hatsi.

A lokacin, hukumar al'adu ta ƙasa a ƙarƙashin Otunba Segun Runsewe ba ta naɗe hannu ba. Ta sa an ɗinka takunkumin fuska da yadin gida, ta yi baje kolin sana'o'in hannu a Abuja jama'a na kallo daga cikin mota, sannan a Nuwamba ta yi bikin al'adu na ƙasa a Jos. Madalla. Sai dai mu nan ƙauye wa ke da motar kallo? Rediyo muke da shi.

Don haka shawarata uku ce. A rubuta sunayen makaɗa da masunta da masaƙa gari-gari tun yanzu, don in tallafi ya zo a san inda za a kai shi. A ware musu fili a rediyon jiha, a riƙa biyansu. A kuma ɗauki muryoyin dattawan Kabawa a adana a gidan tarihi na Kanta, tun suna raye.

Annoba ba ta sallama, kuma ran wanka ba a ɓoyon cibi. Da fatan Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu zai sa baki. Allah ya kiyashe mu, amin.

Naka,
Mai bandar kifi, Argungu.