Fanshon Bature Na Tsallake Teku, Namu Ya Kasa Isa Batsari

Wai ashe Turawa ma suna kukan fansho. Kuka kuwa na gaske, da ƙungiyoyi da lauyoyi da takardun koke har zauren majalisa. Tsaya ka ji abin da suke yi wa kukan, musamman in kana da uba ko kawu da ya ƙarar da ƙuruciyarsa riƙe da alli a firamaren Wagini ko ta Runka, yau kuma yana zaune a ɗakin aro cikin Katsina yana duba waya ko alat ya shigo.

Tsoho ne a Ingila ya gama aiki, sanyi ya ishe shi, sai ya kwashe komatsansa ya koma Sifen ko Fotugal ya kama gida a bakin teku. Fanshonsa na biye da shi. A Afrilun 2025 cikakken fanshon gwamnatin Birtaniya ya kai fam 230.25 a mako. A mako fa, malam, ba a wata ba. Juya shi zuwa kuɗinmu ka ga ya haura naira dubu ɗari huɗu duk kwana bakwai. Na san za ka ce ai rayuwa can da tsada. Na ji. Nan araha take? Kuma wannan kuɗi ba na ma'aikacin gwamnati kaɗai ba ne, direban bas da mai share asibiti duk suna ciki, muddin mutum ya zuba gudummawa: shekara 10 ta ba shi wani abu, 35 ta ba shi cikakke. Kowace shekara kuma sai an ƙara. Ana duba tashin farashin kaya, a duba ƙaruwar albashi, a ajiye kashi 2.5 cikin ɗari a gefe, wanda ya fi tsoka shi za a ɗora masa.

To ina kukan? Ga shi. In tsohon nan ya zauna a wata ƙasar Tarayyar Turai, ko Amurka, ko Jamaika, ko Filifin, ƙarin na kowace shekara zai same shi. In kuwa Kanada ya zaɓa, ko Ostireliya, ko Najeriya, to an daskarar da fanshon ke nan, abin da ya fara karɓa a can shi zai yi ta karɓa har ya koma ga Mahaliccinsa. Mutum dubu ɗari huɗu da ɗoriya ke cikin wannan hali. Biyu sun yi aiki a ma'aikata guda, sun zuba kuɗi daidai wa daida, ɗaya na Amurka ɗaya na Kanada, iyaka ce kawai tsakaninsu, amma rabon ya bambanta. Ɗan Najeriyar da ya yi shekara talatin yana gadi a Landan, ya ce bari ya dawo gida a binne shi kusa da iyayensa, shi ma wannan hukuncin ya hau kansa. Zalunci ne, ban musa ba. Amma ana biyan sa. Ranar da aka ce, a asusun da ya ce.

Jamus, wadda tun 1889 zamanin Bismarck ta kafa fanshon tsufa, shekara biyar ta gudummawa ta ishe ka shiga layi, kuma tana aika fansho sama da miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙasashen waje, da yawa ga 'yan Italiya da Sifen da Turkiyya da suka yi mata leburanci suka koma garuruwansu. Sau ɗaya a shekara takarda za ta iske ka inda kake, ka sa hannu, hukumar garin ta buga hatimi cewa kana numfashi, ka mayar. Shi ke nan tantancewar. Holan kuwa zama ma take lissafawa: kowace shekara da ka zauna a ƙasar cikin hamsin ɗin da ke gaban ritaya tana ba ka kashi 2 cikin ɗari, ko da uwargida ce da ba ta taɓa karɓar albashi ba.

Kada ka ɗauka waliyyai nake ba ka labari. Tambayi zuriyar tsofaffin sojojin Faransa a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kakanninsu sun yi wa Faransa yaƙi, a ƙarshen 1959 ta yi doka ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshen da suka kwanta rami ɗaya da shi nasa yana hawa, nasu yana nan inda yake. Sai a 2001 wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya yi nasara a babbar kotun Faransa, shi ma bayan ƙasa ta rufe masa ido. Sai a 2023 aka yarje wa 'yan tsirarun da suka rage su koma gida gaba ɗaya ba tare da an yanke musu kuɗin tsufa ba, bayan an shafe shekaru ana tilasta musu zaman wata shida a Faransa kowace shekara. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Sai dai ko wannan cutar a rubuce take, tana da lamba da kwanan wata, shi ya sa aka iya kai ta kotu aka kayar da ita.

Mu fa? Namu daskarewar ba doka ta yi ta ba. Doka ma hana ta ta yi! Sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka kan na tarayya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Je ka tambayi wanda ya yi ritaya tun kafin duk wannan ko nasa ya bi sahu. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe cewa a wasu jihohi akwai masu karɓar abin da bai kai naira dubu biyar ba a wata. Waɗanda suka ɗora hannu kan Alƙur'ani suka rantse za su kare wannan kundi su ne ke tsallake sashen kamar ba su iya karatu ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Aka zo 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, wata na zagayowa aka saki naira ta yi ta gangarawa, ɗan abin da ke hannun tsoho ya narke tun bai fita daga wurin mai POS ba. Giratuti kuwa, gafara sa, gafara sa. Duk sanda ka ji an sanar da biliyoyi don biyan bashin da ya taru, tafi da kyau, amma ka tuna bashin nan haƙƙin mutane ne da aka riƙe shekaru, wasunsu magada ne za su sa hannu, kuma kuɗin da a da zai gina gida yanzu da ƙyar ya yi rufi.

Yanzu zo mu yi maganar zama a waje, tunda ita ce ta kawo mu. Shi Bature da ganin damarsa ya bar gida, rana ya je nema. Namu tsohon na Batsari da Safana wa ya tambaye shi? Daren 14 ga Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar aka kashe mutum talatin. Ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu suka yi ta watsewa, wani ya yi Katsina, wani Dutsin-Ma, wani ya tsallaka ta Jibiya ya faɗa Ɗan Isa ko Madarumfa a jihar Maraɗi, wurin dangi. To ga ɗan fansho mazaunin ƙasar waje, irin namu. Babu takardar da za ta iske shi. Shi ne zai zo, da ƙafarsa, da hawan jininsa, da takardar kama aiki wadda wataƙila ta ƙone tare da ɗakin da aka cinna wa wuta, da hoton fasfo, da BVN, da NIN, ya zauna a rana a harabar sakatariya tun hantsi har la'asar don ya tabbatar wa yaron da ya koya wa baƙi da wasali cewa bai mutu ba. In bai ji sanarwa ba, ko hanya ba ta biyuwa a makon, sai a wayi gari sunansa ya faɗi daga takardar biya. Ya zama ɗan bogi. Dawo da sunan kuma sai wanda ya gani.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, wata da watanni. Tsaro ne, mun yarda. Amma ba waya, ba alat, ba POS, tsoho sai ya hau mota ya bi hanyar da matasa ma ke tsoro don ya ciro abin da rabinsa zai tafi a kuɗin motar. Akwai wanda ya zauna ya yi tunaninsa? A Agustan 2023 aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ke can fa? Hukumar fansho ta tarayya, PTAD, ta riga ta fito da tsarin da ɗan fansho zai nuna fuskarsa a waya daga inda yake a san yana raye. Wato abin ba tsafi ba ne. Ga mai so, yana yiwuwa.

Wai duk wannan wahalar don a kama 'yan bogi ne. Madalla. Tsohon hedimasta ne ke ƙirƙiro sunan bogi ya cusa a kwamfuta? A 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifinsa kan biliyoyin fanshon 'yan sanda, alƙali ya ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya nan take ya shige mota ya tafi gida, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta ɗaure shi. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗauko musamman don ya gyara harkar fansho, a Nuwamban 2021 ya sha ɗaurin shekara takwas kan naira biliyan biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nan maƙwabtanmu Zamfara, a 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta wasiƙa yana neman a biya shi naira miliyan goma-goma na kula da kai da doka ta yanka masa kowane wata, abin ya yi wari har majalisar jihar ta soke dokar. Shekara takwas ya yi. Malamin makaranta ya yi 35. Ka taɓa ganin tsohon gwamna a layin tantancewa riƙe da fayil a hammata?

Duk wannan ma maganar 'yan gata ce, masu lambar fayil. Mafi yawan tsofaffin Ruma da Zakka da Babban Duhu ba su taɓa karɓar albashin kowa ba. Shanu biyu na huɗa, da rumbun gero, da gonar gado, da 'ya'yan da za su noma ta, su ne fanshonsu. Shanun an kora daji, rumbun an ƙone, gonar an sayar an karɓo ɗa daga hannun ɓarayi, ɗan kuma yana Legas yana acaɓa. A Holan tsohuwa na karɓar kuɗi don kawai ta zauna a ƙasarta. Namu ya zauna, ya noma, ya biya haraji da jangali, ya yi layin zaɓe tun jamhuriya ta biyu. Shi ko layin tantancewar ma ba a gayyace shi ba.