An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Shekarata talatin da 'yan kai ina gyaran rediyo da rikoda a Garwa. Ta hannuna garmaho ya wuce, kaset ya wuce, faifan CD ya wuce, yanzu ga mu a zamanin da waƙa ke zuwa ta intanet. Don haka in na yi magana a kan sauti, ba labarin kanzon kurege nake ba ku ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani ciniki ne da ɗan ƙanena ya yi, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaron yana aiki a Duwala, Allah ya buɗa masa. Da ya zo hutun sallah sai ya kira ni gidansa, wai in zo in ji abin mamaki. Na tarar ya cire wayoyin intanet na gidan kakaf, ya sa wasu masu kauri kamar igiyar ɗaure sa, bakinsu da ruwan zinari. Ya kuma sayo sabon akwatin rarraba intanet, wanda masu sayarwa suka ce an ƙera shi musamman don masu jin kiɗa. Kuɗin da ya faɗa mini sun isa su ciyar da gida wata da watanni.

Ya kunna waƙar Mamman Shata, ya lumshe ido, ya ce, "Baffa, ka ji yadda kalangu ya fito fes? Da can ba haka yake ba."

Na ce, "Ɗana, juya ka fuskanci bango." Na zaro tsohuwar wayar da ya jefar a kwali, na riƙa musanya su ba tare da ya gani ba, sau goma, ina tambayarsa wacce ce ke aiki. Wani sa'in ya dace, wani sa'in ya kuskure, daidai da mai canke. Har akwai lokacin da ya rantse sabuwar ce, alhali ban taɓa komai ba. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don ba na son kunyata shi gaban iyalinsa.

To a nan zan faɗi abin da ban ƙarasa faɗa masa ba. Wayar intanet mai tsada ba ta ƙara wa waƙa daɗi ko ƙwayar zarra. Duk wanda ya sayar maka da ita a kan wannan alkawari, ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuwa ya san ta sarai, aljihunka yake hari.

Ga dalili. Abin da ke bi ta cikin wayar nan ba sauti ba ne, lambobi ne, sifiri da ɗaya. Tun da kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD a 1982, ƙa'idar ita ce a auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. Idan za a aiko lambobin ta intanet sai a ƙulla su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da alamar tantancewa. Na'urarka tana dubawa: in ƙunshi ya iso lafiya ta karɓa, in ya lalace ta watsar, a sake aiko wani. Tana kuma tara na gaba a ajiye kafin ta fara kunnawa. Saboda haka abu biyu ne kawai ke iya faruwa: ko waƙa ta zo daidai yadda aka aiko ta, ko ta tsaya tana sarƙewa. Babu wata hanya ta uku da kalangu zai ƙara zaƙi don ya ratsa ta zinari. Wasiƙa ce, ko a jakar fata aka kawo ta ko a leda, abin da aka rubuta ba ya canzawa.

Sai batun yawa. Waƙa mai ingancin CD tana bukatar abin da bai kai megabit ɗaya da rabi ba a daƙiƙa. Wayar Cat5e ta gama-gari, wadda ake yanka maka da mita a kasuwa, tana ɗaukar megabit 1,000 har tsawon mita 100. Wato za ta iya jan waƙa wajen 700 a lokaci guda. Mutum yana da tirela, kayansa buhu ɗaya ne, sai aka ce masa ya ƙaro babbar mota don buhun ya ji daɗin tafiya.

Ku kuma dubi hanyar da waƙar ta biyo. Ta taso daga wata ma'ajiya a Turai ko wani wuri, ta bi wayoyin ƙarƙashin teku, ta fito gaɓa a Duwala ko Limbe ko Kiribi, sannan ta yi tafiyar sama da kilomita dubu zuwa bakin Binuwai, ta ratsa na'urori barkatai da ba wanda ya shafa musu zinari. Yanzu mita biyun ƙarshe na cikin falonka ne za su gyara ta? Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya tsinke a ƙasashe da dama. A ranar mai wayar zinari da mai ta roba duk jugum suka yi tare.

Za a ce, to kunnen mutum ƙarya yake yi? Ba ƙarya yake ba, zuciya ce ke ja masa gora. Wanda ya zuba dukiya a kan abu, dole ya kasa kunne fiye da jiya, kuma mai kasa kunne yakan ji abin da da can bai lura da shi ba. Abin yana cikin waƙar tun asali, natsuwar ce sabuwa. Ita kuwa natsuwa kyauta ce.

Ban ce waya ba ta da amfani ba. In ɓera ya ci ta, ko bakinta ya yi tsatsa, a canza. In bangon gida ya tare Wi-Fi waƙa tana yankewa, a ja waya, ta arha ta wadatar. Wanda ke son sauti ya gyaru da gaske, ya sa kuɗinsa a lasifika mai kyau, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya shimfiɗa darduma ya rataya labule don ɗaki ya daina amsa kuwwa. Sannan ya tuna inda yake zaune. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya mun san yadda ake rabon duhu unguwa-unguwa. Yawancin kayan da ake kawo mini sun ƙone, wuta ce ta dawo da ƙarfi ta cinye su, ko tsawar damina, ko ƙurar hunturu ta toshe su ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Na'urar daidaita wuta da batir da sola sun fi kowace igiyar zinari amfani a garin nan.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Waƙar da ɗana ya kunna mini, na san irin tafiyar da ta yi. Daga faifai aka juye ta a kaset, daga kaset zuwa wani kaset, har wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya matse ta ta zama ƙaramin MP3, ta yi ta yawo daga memori zuwa memori. Rabin muryar ya zube a hanya, amon kalangun ya dushe. Abin da ya zube kuwa babu wayar da za ta dawo da shi. Rijiya ta gurɓace, mu kuma muna ta goge guga.

Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, namu Ali Baba na Garwa a 2004. Ba za su dawo su sake rerawa ba. Waɗannan ma sun yi suna, ana neman su. Ina makaɗan bukukuwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, masu algaita da masu garaya, da mata masu waƙar Fulatanci da Hausa, waɗanda muryarsu ba ta ko'ina sai a kaset ɗaya tak cikin adakar wata tsohuwa? Zaren kaset ba ya jiran kowa. Zafi yana manne shi, ƙura tana cin sa. Da hannuna na buɗe kaset ɗin bikin auren mahaifiyar yaron nan, na tarar zaren ya dunƙule. Ita ta riga mu gidan gaskiya, guɗar da aka yi mata ranar ma ta bi ta.

Da kuɗin wayoyin nan, da an sayi rikoda mai lafiya da ƙaramar na'urar juya sauti zuwa kwamfuta, an bi gida-gida an kwashe kaset ɗaruruwa ba tare da an matse su ba, an adana a wuri biyu ko uku. Da an biya wani matashin mawaƙi kuɗin situdiyo ya ɗauki aikinsa da kyau. Wannan shi ne son kiɗa. Sauran kuwa son a gani ne.

Na gaya wa ɗana ya mayar da kayan in za su karɓa. Ya ce zai yi tunani. Kafin ya koma Duwala dai ya aiko mini da kwali guda na kaset ɗin mahaifinsa. Na fara aiki a kansu, kullum biyu bayan la'asar, in akwai wuta. Kai ma mai karatu, je ka buɗe adakar gidanku tun zaren yana juyawa. Allah ya sa mu dace.