Gaɓar Shuɗi ta Faransa: Abin da Ake Nuna wa Baƙo da Abin da Ake Tsallakewa

A kudu maso gabashin Faransa, inda duwatsun Alps suka gangaro suka tsoma ƙafa a Bahar Rum, akwai wata gaɓar teku da ta miƙe daga wajajen Toulon har zuwa Menton a kan iyakar Italiya. Faransawa na kiranta Côte d'Azur, wato gaɓar shuɗi. A nan ne biranen Nice da Cannes da Antibes suke, da kuma ƙaramar daular Monako. Duk wanda ya duba jadawalin da kamfanonin yawon buɗe ido ke tsara wa baƙi zai tarar da abu kusan guda: tattaki a bakin teku a Nice, kallon manyan otal-otal a titin Croisette na Cannes, hawa ƙauyen Èze da ke kan dutse, shaƙar turare a Grasse, sannan ɗaukar hoto a gaban gidan cacar Monte Carlo. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan jadawali labari ne da wasu suka rubuta, kuma ya kamata manazarcin Hausa ya karanta shi kamar yadda yake karanta kowane matani, yana lura da abin da aka faɗa da abin da aka yi shiru a kai.

Mu fara da yadda aka gina sunan wurin. A shekarar 1834 wani babban ɗan siyasar Ingila, Lord Brougham, yana kan hanyarsa ta zuwa Italiya sai aka hana shi wucewa saboda annobar kwalara. Ya yada zango a Cannes, wadda a lokacin ƙaramin garin masunta ce, wurin ya kwanta masa a rai, ya gina gida, attajiran ƙasarsa suka biyo sawunsa. Doguwar hanyar bakin teku ta Nice, mai tsawon kimanin kilomita 7, Turawan Ingila ne suka fara biyan kuɗin shimfiɗa ta a shekarun 1820, shi ya sa har gobe sunanta Promenade des Anglais. Nice kanta ba ta zama ta Faransa dindindin ba sai a 1860, jirgin ƙasa kuwa ya iso ta a 1864. Sunan Côte d'Azur ma marubuci ne, Stéphen Liégeard, ya raɗa shi a littafin da ya fitar a 1887. Daga baya masu zane suka ƙara wa wurin kwarjini: Matisse ya shafe shekaru masu yawa a Nice, Picasso ya yi aiki a fadar Grimaldi ta Antibes a 1946, kuma a shekarar ce aka gudanar da bikin fina-finan Cannes na farko. Teku da rana dai Allah ne ya yi su, amma shaharar, alƙalami da kuɗi da hoto ne suka gina ta.

Abin da ya fara jawo masu hannu da shuni shi ne sassaucin hunturun yankin. Sarauniya Victoria ta yi ta zuwa unguwar Cimiez ta Nice a ƙarshen shekarun 1890 don guje wa sanyin ƙasarta, kuma da UNESCO ta sanya Nice cikin wuraren tarihi na duniya a 2021, a matsayin birnin shaƙatawar hunturu ta sanya shi. To, wannan sassaucin sanyi shi ne kuma ya kawo wasu baƙin da jadawalin ba ya ambata. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, har da yankin da yake Jamhuriyar Nijar a yau, duk ta haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, wai sojojin Senegal. Da aka ga sanyin ramukan yaƙi na arewa yana kashe su, sai aka riƙa janye su idan hunturu ya shigo, ana kai su sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël, idan sanyi ya lafa a mayar da su bakin daga. A Menton an mayar da otal-otal asibitoci, kuma maƙabartar Trabuquet da ke saman garin tana ɗauke da kaburburan sojojin mulkin mallaka fiye da dubu, akasarinsu 'yan Afirka.

A Fréjus akwai wani gini ja da zai dakatar da duk wanda ya san ginin ƙasa na yankinmu. Sunansa Missiri, kalmar Bambara mai nufin masallaci. An gina shi tsakanin 1928 da 1930 da siminti mai launin jar ƙasa, aka kwaikwayi fasalin babban masallacin Djenné, domin rage wa sojojin Afirka kewar gida. Har kwaikwayon suri aka yi a kewayensa don wurin ya yi kama da Afirka. Tsakiyarsa fili ne babu rufi, kuma ya fi kama da dandalin taruwa a kan masallacin da ake tsayar da salla. Wannan gini kaɗai ya isa darasi a kan yadda mai mulki ke zana wa wanda yake mulka hoton gidansa. Haka nan, rairayin da masu hutu ke kwanciya a kai tsakanin Cavalaire da Saint-Raphaël, nan ne dakarun ƙawance suka sauka ranar 15 ga Agusta, 1944. Rundunar Faransa da ta biyo baya, wadda ta ƙwato Toulon da Marseille, cike take da 'yan Afirka. Kafin shekarar ta ƙare aka janye baƙaƙen fata daga cikinta, aka maye gurbinsu da Turawa.

Ko a Cannes muna da sawu. A 1969 an nuna fim ɗin Cabascabo na Oumarou Ganda, ɗan Nijar, a sashen makon masu sharhi na bikin. Ganda ya yi wa Faransa yaƙi a Indochina, kuma fim ɗin labarin tsohon soja ne da ya dawo gida, abokai suka tayu shi cinye abin da ya tara, suka watse. Ashe ɗan sojan mulkin mallaka ya taɓa kawo nasa labarin gaɓar da aka taɓa tsugunar da magabatansa.

Wani zai ce, mutum ya biya kuɗinsa don ya huta, me ya kai shi maƙabarta? Wani kuma zai ce, Bahaushe nawa ne ke iya samun biza da kuɗin zuwa Nice, har da za a ɓata tawada a kansa? Duka maganganun suna da ƙamshin gaskiya. Ban ce a bar kallon zanen Chagall ko zagaya kasuwar furanni ta Cours Saleya ba. Jin daɗin kyakkyawan wuri ba laifi ba ne. Sai dai Fréjus tana kan layin dogo ɗaya da Cannes da Nice, kuma yini guda ya ishi baƙo ya je ya dawo. Game da tsada kuwa, gaskiya ne masu zuwa kaɗan ne, amma hotunan da suke ɗorawa a Instagram da TikTok dubbai ke kallo a Kano da Maraɗi. Ta wannan hanya ce matasanmu ke gina tunaninsu game da Turai, kuma abin da suke gani shi ne jadawalin nan, babu ragi babu ƙari.

A nan ne aikin ya faɗo kanmu. Adabin Hausa yana da tsohuwar al'adar labarin tafiya. Dorugu, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, J. F. Schön ya rubuta. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan magabata sun kalli Turai da idonsu, suka auna ta da ma'auninsu. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki labarin tafiya na wannan zamani, na takarda da na waya, a matsayin fagen nazari, su kuma nemi abin da ya saura a bakin zuriyar tsofaffin sojojin Faransa a Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi kafin ya salwanta. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, sai ya bi inda ɗan gari ya nuna masa. Amma a wannan gaɓa akwai kaburburan mutanen yankinmu da suka haura shekara ɗari, saboda haka wanda ya je daga cikinmu yana da dalilin tambayar ɗan jagora hanyar Fréjus da ta Trabuquet, idan ya dawo kuma ya rubuta mana abin da ya gani da Hausa.