Filin Sana'a: Gyaran Ƙarafan Wuyan Jita

A wannan wata za mu duba ƙananan ƙarafan nan da aka jera a gicciye a wuyan jita, waɗanda masu gyara ke kira firet. Samarinmu da yawa a Yawunde da Duwala da Garwa suna sayen jita ta hannu, kuma abin da yakan fara lalacewa a jikinta shi ne ƙarafan nan. Da zarar ta fara zuza ko ƙarya murya, sai a ruga wajen kafinta, shi kuwa ya ɗauko gudumar ƙusa, a yi asarar kuɗi da jitar baki ɗaya.

Gurmi da molo da goge ba su da ƙarafa, kunnen makaɗi da yatsansa su ke nemo murya. Jita kuwa lissafi aka kafa a wuyanta. Ana auna tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki, a raba da 17.817, abin da ya fito shi ne wurin ƙarfe na farko. Sai a raba abin da ya rage da wannan lamba, a sami na biyu, haka har ƙarshe. A jitar Fender da aka saba gani tsawon milimita 648 ne, don haka ƙarfen farko yana kan milimita 36.4, na biyu ya biyo baya da 34.3, na 12 kuma ya faɗa daidai tsakiya, kan 324. Magabata a Turai da 18 suke rabawa, kuma har yau wasu na yin haka don sauƙi, amma a wannan tsawo ƙarfe na 12 zai gaza tsakiya da kusan milimita biyu da rabi, kunne kuwa yana jin wannan.

Shi ƙarfen kansa kashi biyu ne: akwai kai mai tudu wanda tsirkiya ke taɓawa, akwai ƙafa siririya mai ƙananan haƙora wadda ke shiga tsagar katako ta riƙe. Turawa suna sa masa sunan azurfa, alhali babu azurfa ko kaɗan a ciki, gamin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel kashi 18 cikin ɗari. Akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, yana daɗewa ƙwarai, sai dai yana cinye magagari, ba mu ba sabon shiga shawarar ya fara da shi.

Wajen cire tsofaffi ne aka fi yin ɓarna. A sami ƙaramin awartaki a wasa bakinsa ya kwanta sumul, a ɗora ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo a kan firet ya ɗumama, sannan a riƙa cusa bakin awartakin a ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Ba a fizga. Haƙoran nan sukan fito da ɓarɓashin katako, musamman baƙin icen eboni mai tauri da saurin tsagewa. Duk ɓallin da ya tashi a mayar da shi nan take da ɗigon gam mai saurin kamawa. Af, shi wannan eboni ɗan uwan kanya ne, kuma dazuzzukan kudancin ƙasar nan na cikin manyan wuraren da ake samunsa. A shekarar 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar Crelicam ta Yawunde, wadda ke yanka shi domin masu ƙera kayan kiɗa.

Bayan an cire, sai a share tsagar. Faɗinta kamar milimita 0.6 ne, saboda haka zarton kafinta bai dace ba, sai siririn zarto wanda bakinsa ya yi daidai da ƙafar ƙarfen. In tsaga ta yi faɗi, ƙarfe zai riƙa ɗagowa. In ta yi ƙunci aka tilasta ƙarafa ashirin da wani abu a ciki, za su taru su tanƙware wuyan ya koma baya. Zurfinta kuma lalle ya ɗan ɗara tsawon ƙafar.

Fuskar wuyan yawancin jitoci tana da ɗan doro, don haka ana lanƙwasa sabon ƙarfe ya ɗan fi doron kafin a yanka. A tallafe wuyan da buhun yashi, a ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba ko tagulla, a fara kafa bakin nan biyu, sannan a bi tsakiya da bugu mara ƙarfi. Manyan masana'antu da injin matsi suke dannawa, amma guduma ta isa ga mai haƙuri. Sai a datse abin da ya yi saura a gefe, a goge bakin a karkace.

To, sauran aiki shi ne daidaitawa, kuma a ganinmu nan ake gane gwani. A miƙe wuyan tukuna da sandar ƙarfen da ke cikinsa, a rufe katako da salatif na takarda, a shafa maka a kan kowane ƙarfe. Sannan a manna samfefa a jikin wani abu mai shimfiɗa sosai, kamar gilashi mai kauri, a riƙa gogawa a tsawon wuyan har tawadar ta goge a kan kowanne. A tsaya nan, domin abin da aka cinye ba ya dawowa. Guntun ƙarfe miƙaƙƙe wanda ya hau firet uku kawai zai nuna wanda ya fi tsayi, don zai riƙa rawa a kansa. Gogewar nan takan bar kan ƙarafan a baje, sai a sake shafa maka, a bi gefe da gefe da ƙaramin magagari har ya rage siririn layi a tsakiya, sannan a goge da samfefa mai laushi. Mai amfani da soson ƙarfe a jitar lantarki ya rufe maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, in ba haka ba za su tsince garin.

Ga 'yan'uwanmu na Marwa da Garwa, akwai matsalar hunturu. Katako yana tsukewa in iska ta bushe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai bakin ƙarafan ya leƙo yana yankan hannu, musamman jitar da aka hauro da ita daga damshin Duwala. Wannan ba ya bukatar sauya komai. A goge bakin da magagari a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, yawanci ba a sake jin su.