Amurkawa Da Sayen Gidajen Alfarma A Lisbon: Gida Daban, Iznin Zama Daban

Mun saba jin labarin mutanen da ke sayar da gona da gida domin su sami hanyar shiga Amurka. To, yau ga labarin waɗanda suke tattara nasu ya nasu suna barin Amurka ɗin. Galibi tsofaffin ma'aikata ne masu cin fansho, da kuma masu aikin kwamfuta waɗanda ba ruwan kamfaninsu da inda suke kwana. Ɗaya daga cikin biranen da suka fi ɗaukar hankalinsu shi ne Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, inda suke sayen sassa a manyan gidajen bene na unguwanni irin su Chiado da Príncipe Real da titin Avenida da Liberdade.

Mafarin al'amarin dai talauci ne. A shekarar 2011 bashi ya yi wa Fotugal katutu, har sai da Tarayyar Turai da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya suka ranta mata yuro biliyan 78. Domin neman kuɗin waje, a 2012 gwamnati ta fito da shirin da aka laƙaba wa suna "bizar zinariya". Duk baƙon da ya sayi gida na yuro 500,000 sai a ba shi iznin zama shi da iyalinsa, ba a bukatar ya zauna a ƙasar fiye da kimanin kwana 7 a shekara, bayan shekara 5 kuma yana iya neman zama ɗan ƙasa. A cikin wannan shekara ce aka sassauta dokar haya, masu gidaje suka sami damar ƙara kuɗi da tashin tsofaffin 'yan haya. Da farko 'yan ƙasar Sin ne suka yi rububin shirin. Amurkawa sun shigo da ƙarfi daga baya, musamman a 2022, lokacin da dala ɗaya ta yi daidai da yuro ɗaya, abin da ba a gani ba cikin shekara 20.

Amma fa wannan ƙofa an rufe ta. Tun Janairun 2022 aka cire gidajen kwana na Lisbon da Porto daga shirin, a watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin Firayim Minista António Costa ta soke sayen gida baki ɗaya a matsayin hanyar samun bizar. Sifaniya, wadda ta fara irin wannan shiri a 2013, ta rufe nata a watan Afrilun 2025. Girka ba ta rufe ba, sai dai a 2024 ta ɗaga kuɗin zuwa yuro 800,000 a Atina da manyan tsibirai. Saboda haka Ba'amurken da ya sayi gida a Lisbon yau, ko da na yuro miliyan 3 ne, gida kawai ya saya. In ba shi da wata biza, kwana 90 cikin kowane kwana 180 doka ta yarda masa, daidai da ɗan yawon buɗe ido da ya sauka a otal. Mai son zama sai ya nemi bizar masu fansho da ake kira D7, ko ta masu aiki daga nesa da aka fara a 2022, sa'an nan ya shiga layi a hukumar baƙi ta AIMA, wadda ta gaji dubban ɗaruruwan takardu da ba a duba ba lokacin da aka kafa ta a 2023.

Me ya sa aka rufe? Ai ruwa ba ya tsami banza. Mafi ƙarancin albashi a Fotugal a 2025 yuro 870 ne a wata, alhali kuwa hayar ɗaki da falo a tsakiyar Lisbon ta wuce wannan kuɗi. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti sun koma bayan gari, tsofaffin da aka haifa a unguwar Alfama suna kallo ana mayar da gidajen maƙwabtansu masaukin baƙi na Airbnb. A watan Afrilun 2023 dubban mutane suka fito zanga-zanga a kan gidaje, suka sāke fitowa a watan Satumba.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ba Amurkawa kaɗai suka jawo tsadar ba. Waɗanda suka sami bizar zinariya daga 2012 zuwa 2023 sun ɗan haura 12,000 ne, kuma wannan ba wani abu ba ne in aka kwatanta da yawan gidajen da aka yi ciniki a waɗannan shekaru. Bayan rikicin bashi gine-gine sun tsaya cik, gidajen gwamnati kuwa ba su taka kara sun karya ba. Duk da haka, a ganinmu, mai haya yana da gaskiya. Idan mutum mai albashin California ya shigo kasuwa ɗaya da mai albashin Lisbon, ba sai sun yi yawa ba kafin dillalai su sauya farashi, magina kuma su daina gina wa talaka. Irin wannan fushi ne ya fito da mutane kan titi a unguwannin Roma da Condesa na birnin Meziko a watan Yulin 2025.

Shi ma mai sayen, ba a bar shi ya sha romo ba. Kafin ya sa hannu sai ya sami lambar haraji ta Fotugal. Harajin sauya mallaka a kan gida mai tsada yakan kai kashi 7.5 cikin 100, ga kuma kuɗin hatimi na kashi 0.8, ban da na lauya. Rangwamen haraji na shekara 10 da aka yi wa sababbin mazauna tun 2009 an rufe shi ga masu shigowa daga 2024.

Babban nauyin kuwa daga gida yake biyo shi. Amurka tana karɓar haraji daga 'yan ƙasarta duk inda suke a duniya, abin da ban da ita sai Eritiriya ake ambata da shi. Kowace shekara sai ya cika takardar haraji ya aika gida, ko da bai taka Amurka ba. In kuɗinsa a bankunan waje suka haura dala 10,000, dole ya sanar da Baitulmalin Amurka. Dokar FATCA ta 2010 ta tilasta wa bankunan waje su kai rahoton Amurkawa masu ajiya, shi ya sa wasu bankunan Turai suke gudun buɗe musu asusu. Ranar da ya sayar da gidan, da dala za a lissafa ribar, don haka yana iya sayarwa ba riba a yuro, amma a ce masa ya ci riba saboda canji.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage wa masu neman fasfo ita ce zuba yuro 500,000 a asusun jari wanda ba ya taɓa gidaje. Ko wannan ma, a 2025 gwamnatin Luís Montenegro ta kai wa majalisa ƙudurin tsawaita jiran zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 10, abin da ya tayar da hankalin waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu a bisa tsohon alkawari.