Kana kukan an sace maka littafi, to da manhajar wa ka haɗa waƙarka?

Na san maganar wannan makon za ta sosa wa wasu inda ba ya musu ƙaiƙayi, amma sai haƙuri.

Watanni biyu da suka wuce na raka wani abokina sitidiyo zai ɗora murya a kan waƙar tallan littafinsa. Ɗaki ne ɗaya, an manna soso a bango, kwamfuta da makirufo da fanka. Muna jiran a kawo wuta yake ba ni labarin yadda aka mayar da littafinsa PDF ana rabawa a WhatsApp, har yana cewa bai yafe ba. Wuta ta zo, furodusa ya buɗe FL Studio. Na ce masa, malam, nawa ka saye ta? Dariya ya yi, ya ce wa yake sayen wannan, ai kirak ce. Abokina ma ya taya shi dariya. Laifi tudu ne.

FL Studio ta kamfanin Image-Line ce da ke ƙasar Beljiyam, kuma mutane ne suka zauna suka rubuta ta, kamar yadda kike raba dare kina rubuta babi. Wanda ya saya, kamfanin yana ba shi duk sabuntawar da za ta fito kyauta har abada. Mai kirak kuwa kullum yana cikin farautar sabuwar sata, yana kashe garkuwar kwamfutarsa da hannunsa don ta shiga, sannan ya ajiye rubutunsa na shekara biyu a cikin wannan kwamfutar. Na yarda kuɗin da yawa, mafi arharta dala 99 ce, kowa ya san abin da hakan ke nufi a naira. Sai dai rashin kuɗi hujja ce ga wanda ba shi da wata hanya, mu kuwa muna da ita.

Akwai manhajojin da masu su suka buɗe rubutun da aka gina su da shi, suka ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Halak malak. Da ka ambace su sai a ce maka araha ba ta ado, ko a ce tsofaffin yayi ne. Yawancin masu faɗin haka rabon su da su duba tun suna sakandare.

Ɗauki Audacity, wadda ta fito tun shekarar 2000. Masu karanta littafi a YouTube sun san ta da yanka murya da cire hayaniya kawai. A 2022 fitowa ta 3.2 ta zo da damar saka amsa-kuwwa da sauran kwalliyar sauti kana ji nan take, ba tare da an taɓa asalin muryar ba. In bai yi maka ba ka cire, muryarka na nan yadda ka ɗauke ta. A 2023 kuma 3.4 ta ƙara ma'aunin bugun kiɗa, ta yadda za ka jera gutsuren kiɗa ya zauna daidai kan lokaci, ka ja shi ya tsawaita ba tare da amonsa ya canja ba. Ga wanda ke son ɗora waƙe a kan kiɗa mai sauƙi, me ya rage?

Ardour kuma, wadda Paul Davis ya fara, cikakkiyar sitidiyo ce. Ta 7 ta fito a Oktoban 2022 da shafin da ake harba gutsuren kiɗa ɗaya bayan ɗaya, salon da aka san Ableton Live da shi. Ta 8 ta biyo a Oktoban 2023, ta sauƙaƙa gyara ƙarfin kowane bugu, wanda shi ne bambancin kiɗan da ke numfashi da wanda ke tafiya kamar injin markaɗe. Haɗaɗɗiyar da za ka sauke ka kunna kai tsaye, sun ce ka biya abin da za ka iya, ko da dala 1 ce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai inda suke ɗingishi. LMMS ita ce ta fi kama da FL Studio, mai son haɗa kiɗa zai saba da ita cikin kwana biyu, amma tabbatacciyar fitowarta ta 1.2.2 tun 2020 ce, an daɗe ana jiran 1.3, kuma ba a ɗaukar murya a cikinta, sai ka fitar da kiɗan ka kai Audacity ko Ardour. Ita Ardour tana son zama da haƙuri. Audacity ma ta sha suka a 2021 bayan Muse Group ya karɓe ta ya nemi tattara bayanan masu amfani. To amma ku dubi abin da ya biyo baya: jama'a suka yi ca, wasu suka kwashi rubutun manhajar suka kafa tasu mai suna Tenacity, kamfanin ya sassauta. Mai kirak wa zai kai wa ƙara?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Muna ta ƙorafin cewa kiɗan fiyano ya cinye waƙar Hausa, duk waƙoƙin sun zama ɗaya, an manta da kalangu da kotso da gurmi. Ga Hydrogen nan, manhajar jera bugun ganga ce, kyauta, kuma tana ba ka damar haɗa naka kayan kiɗan. Ka sami makaɗin kalangu, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauki bugunsa ɗaya-ɗaya, na sake da na matse tsarkiya, mai ƙarfi da mai taushi, ka jera su. Ba zai maye gurbin hannun makaɗi ba, don kalangu magana yake yi, amma ya fi gangar aro da muke ta maimaitawa.

Sai fassara, wadda aikinmu ce kai tsaye. Audacity tana da fassarar harshen Basque, wanda masu magana da shi ba su kai mutanen birnin Kano ba. 'Yan sa-kai ne suka yi, kuma ba a bukatar ka iya rubuta manhaja: jerin jimloli ne na Turanci, kana rubuta na harshenka a gefe. Mu da muke kwana muna musu a kan ƙa'idojin rubutu, nan ne ya kamata mu gwada, mu zauna mu yanke abin da za a kira layin sauti da ma'aunin bugu da Hausa.

Abokin nawa dai na saka masa Audacity a kwamfutarsa. Babi uku ya karanta ya ɗauka da kansa a ɗakinsa, da daddare bayan an kashe janareton maƙwabta. Kukan zakara ya shiga na ukun, ya ce a bar shi.